Marfin Injin Kawu

Bara da kaka na je Dakoro gaishe da Inna, matar marigayi kawuna. Ina zaune a tsakar gida bayan la'asar sai idona ya faɗa kan wani abu a gindin akurki, kaji sun kewaye shi suna shan ruwa. Na ɗauka tsohuwar tasa ce. Da na matsa na zubar da ruwan, na kife shi na kankare lakar da farce, sai ga harafin H, sai ga O. Marfin injin babur ɗin Kawu ne, na gefen hagu. Fiye da shekara 30 rabona da shi, amma hannuna ya riga hankalina gane shi.

Kawu malamin dabbobi ne. Aikinsa bin rijiyoyi da mashayar shanu, daga kwarin Tarka zuwa Sakabal, zuwa Bermo, har Gadabeji in ta kama. Wanda bai san ƙasarmu ba zai ji an ce tsakanin Maraɗi da Dakoro kusan kilomita 120 ne, ya ɗauka abin kusa ne. A wancan lokaci babu kwalta, kuma da ka wuce Dakoro ka yi arewa, hanya ta ƙare, sai sawun shanu da rairayi da ƙarangiya. Mushen lakwal, wato malaman makaranta, da ma'aikatan ofis mobilet suke hawa, wannan shuɗiyar ta kamfanin Motobécane na Faransa, wadda sunanta ya bi duk wani ƙaramin babur mai feda. Mobilet ta cikin gari ce, in ta shiga jigawa sai mai ita ya sauka ya tura. Shi ya sa Kawu ya yi shekaru yana tara kuɗi, a 1981 ya tafi Kano ya dawo da Honda CG125 ja.

Daga baya na san tarihin wannan babur. A 1975 kamfanin Honda ya fito da shi, bayan injiniyoyinsa sun zagaya ƙasashen kudu maso gabashin Asiya sun ga yadda talaka ke yi da babur: a lafta masa kaya da mutane, a manta da canjin baƙin mai sai inji ya yi kuka. Sai suka ƙera inji mai sauƙi, mai jure wulaƙanci. To a hannun Kawu bai ga wulaƙancin ba. A shekarun da cutar bushiya ta dawo tana kashe shanu, wajen 1983, wannan babur ne ya riƙa kai shi rugage da akwatin allura ɗaure a baya, ya yi kwana goma ba mu gan shi ba. In ya dawo, kafin ya yi wanka sai ya duba babur.

Sau biyu a shekara, ana saura kwana uku ko huɗu Salla, ake kai babur wajen Maigida. Haka kowa ke kiransa, har Kawu da ya girme shi. Garejinsa inuwar wata bishiyar bedi ce, wadda Kanawa ke ce wa darbejiya, kusa da tasha, da akwatin ƙarfe ɗaya da benci. A Fagge, cikin Kano, ya koyi aiki. Ni ne ɗan aike, ni ne mai riƙe kwanon kusoshi, har wata shekara ya dube ni ya ce wa Kawu, "Malam, ka bar mini yaron nan yau, hannunsa bai yi kanta ba tukuna, shi zai fi jin ƙarfen."

Mutanenmu dalma suke ce wa farin ƙarfen marfin, kamar yadda ake cewa tukunyar dalma, ko da yake dalma ta gaskiya wani ƙarfe ne dabam, mai nauyi, mai guba. Ƴan boko su ce alminiyam. Nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na baƙin ƙarfe, yana saurin ɗaukar zafi yana saurin sakinsa, shi ya sa ake yin kan inji da marafansa da shi. Ba ya yin jan tsatsa. Da iska ta taɓa shi sai ya yi wa kansa wata siririyar fata da ido ba ya gani, ita ke kare shi. Amma in gishiri da danshi suka zauna masa, yakan yi furfura, wani farin gari-gari, a ƙarƙashinsa kuma ƙananan ramuka. Masu ƙera babura a Japan a wancan zamani sukan goge marfin inji su shafa masa wani fenti garai-garai kamar ruwa. Ranar Dakoro da rairayin hunturu ba su barin wannan fenti ya daɗe. Sai ya yi ɗorawa, ya tsattsage, gumi da ruwan damina su shiga ƙarƙashinsa, furfurar ta riƙa tafiya kamar hanyar gara.

Aikin daga kwancewa yake farawa, kuma nan ne ake gane bakanike. Kusoshin marfi na baƙin ƙarfe ne, ramin da suke shiga na dalma, in sun daɗe tare sai su kama juna. Mai gaggawa ya murɗa da ƙarfi, kan kusar ya cinye, ko zaren ramin ya fito gaba ɗaya. Maigida yakan ɗiga kananzir, ya tafi ya yi alwala, ya dawo ya ɗora sukudireba ya ba ta guduma sau ɗaya tak. Kowace kusa kuma da ramin da ta fito, domin tsawonsu ba ɗaya ba ne. Yakan zana siffar marfin a kan kwali, ya huda, ya soka kowace a gurbinta.

Sai wanki da kananzir da tsohon burushin haƙori. Wata rana na ɗauko soson ƙarfe irin na wankin tukunya, Maigida ya riƙe mini hannu. Ya ce baƙin ƙarfe yana barin ƴaƴansa a jikin dalma, bayan damina ɗaya ka ga jajayen ɗigo sun fito a inda ba a san tsatsa ba. Haka kuma soda, wadda mata ke yin sabulu da ita: tana cire maiƙo nan take, amma tana cin ƙarfen, ta bar shi baƙi ƙirin. Wannan ilmi kuwa ba a gareji kaɗai yake ba. Kowace mace a gidanmu ta san in ta dafa abu da kanwa mai yawa cikin tukunyar dalma, cikin tukunyar zai yi duhu, in ta tafasa ruwan tsamiya a ciki ya washe. Maigida ya ce daga mahaifiyarsa ya fara jin haka, kafin ya ji a Fagge.

Samfefa daga Maraɗi ake sayo ta, wajen masu fentin mota. Lamba gare ta: in lambar ta yi ƙasa, kamar 240, kaushinta ya fi, in ta yi sama, kamar 800 ko 1200, sai ka ji ta kamar takarda. Da mai kaushi ake cire tsohon fenti da furfura, sannan a riƙa hawa mataki-mataki. A jiƙe ake yi, da ruwa da ɗan sabulu a gwangwanin tumatir, kuma a garin da rijiya ke da zurfin da sai an ɗaura wa jaki ko raƙumi igiya, gwangwani biyu ne rabonka na yini. Ƙa'idar ita ce, in ka goga wannan lamba a tsaye, ta gaba a kwance za ka goga, ba za ka bar ta ba sai sawun ta baya ya ɓace ƙaf. Ni kuwa yaro ne, ina son in ga ƙyalli. Na tsallake lamba ɗaya. Marfin ya yi haske, na kai wa Maigida ina murna, sai ya karkata shi ga rana, ga zane-zanen nan a kwance ƙarƙashin hasken kamar tsagen fuska. Bai yi faɗa ba. Ya miƙo mini samfefar da na tsallake, ya ce, "Koma, ɗana. Ƙarfe ba ya mantuwa."

Matakin ƙarshe shi na fi so. Tokar kara ake tankaɗewa da tsohon ɗankwali har ta yi laushi kamar kwalli, a kwaɓa ta da ɗigon mai, a shafa da tsumma. In an yi sa'a an samu gwangwanin Brasso daga wani ɗan sanda ko soja, irin wanda suke goge maɓallan kaki da kan bel da shi, sai a ƙarasa da shi. Tsumman yana yin baƙi, yatsu su yi baƙi, har ka ɗauka ɓata aikin kake yi. Baƙin nan ƙurar ƙarfen ce. Sai ka ɗauki wani tsumma mai tsabta, tsohon rawani ya fi, ka share sau ɗaya, kawai ka ga ganyen bedi da sararin sama da fuskarka a lanƙwashe a jikin marfin. Ban taɓa sabawa da wannan lokaci ba. Kowace shekara sai gabana ya faɗi.

Akwai wuraren da ba a taɓawa. Bakin marfi, inda yake haɗuwa da inji, ba a sa masa samfefa da hannu, domin yatsa ba ya tafiya daidai, zai yi kwari, mai ya riƙa tsiyaya. In dole ne, sai a shimfiɗa samfefa a kan gilashin taga, a ɗora marfin a kai a riƙa juya shi a hankali. Tsage-tsagen kan inji kuma, waɗanda ke shan iska su sanyaya shi, ba a neman ƙyallinsu. Tsinke ake sawa a fitar da lakar da ta daskare da baƙin mai a tsakaninsu, domin ita ke hana inji hucewa.

Na daɗe ina ɗauka duk wannan wahala don kwalliyar Salla ce, don a ga babur ɗin malamin dabbobi yana walƙiya a bakin filin idi. Akwai wannan, ba na musu, Kawu mutum ne mai son a gan shi tsaf. Amma da na girma na gane cewa gugar ita ce dubawar. Wanda ya bi marfi da yatsa lungu-lungu har yini guda, shi zai ga tsagar da ba ta fi silin gashi ba a gindin ramin kusa. Shi zai ga inda mai ya fara gumi, da kusar da ta fara kwancewa, da wayar da ta goge. A inji mai tsabta ɗigon mai ɗaya yana magana. A inji mai datti kuwa sai ya tsiyaye rabi ba a sani ba. Mutumin da zai kwana a dajin da babu gareji sai bayan tafiyar kwana biyu a kan raƙumi, wannan dubawa ita ce tsakaninsa da halaka. Gyara kayanka, in ji Hausawa, ba ya zama sauke mu raba.

An ga amfanin haka a 1984. A watan Afrilu na shekarar Nijeriya ta rufe iyakokinta, ba a buɗe ba sai Maris 1986, ga fari ya zo a kai, yunwar da mutanenmu suka raɗa wa suna El-Buhari. Kayan gyara da ke shigowa daga Kano ta Jibiya da Ɗan Isa suka yi wuya, wanda aka samu ta ɓarauniyar hanya kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin ma'aikaci. Maigida ya yanka gaskit da kwalin sukari. Ya wanke buji ɗaya ya gyara bakinsa har sau nawa. A cikin wannan shekara ne Kawu ya faɗi kusa da Sakabal, yana dawowa daga wata rijiya inda ya tarar da gawarwakin shanu sun fi masu rai yawa. Kututture ya ja wa marfin hagu wani zurfaffen rauni, tsawon ɗan yatsa. Da Salla ta zo Kawu ya so a goge shi ya ɓace. Maigida ya ƙwanƙwasa wurin da farce, ya kara a kunne, ya ce, "Malam, naman wurin nan ba shi da kauri. In na bi shi har ƙasa, zan huda maka marfi, kuma babu wani a Maraɗi. Bari in kashe masa kaifi kawai." Haka aka yi. Marfin ya riƙa walƙiya da tabonsa.

Sauyin bai zo rana ɗaya ba. A Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ke zuwa daga Turai ko Japan kuɗinsa ya ninka. Mobilet ta fara ɓacewa, dama kamfaninta tuni ya durƙushe ya koma MBK. Sannan a farkon shekarun 2000 baburan Sin suka malalo, Kasea da Jincheng da ƴan'uwansu, daga baya na Indiya irin Boxer suka biyo. Da yawa daga cikin na Sin ɗin, in ka buɗe injinsu, zubin CG125 ne aka kwaikwaya, jikokin babur ɗin Kawu ne. Abin da ma'aikaci ke tara wa kuɗi shekara da shekaru sai ga shi manomi ya saya da kuɗin wake na kaka ɗaya mai kyau, makiyayi ya saya da bijimi. Kabu-kabu ta zama sana'ar samari. Man Nijeriya na ƴan ruwa-ruwa, a kwalabe a bakin hanya, ya sa hawan ya yi araha shekaru da yawa.

Ba ni cikin masu kukan wannan. Na san abin da ake nufi da a ɗora mace mai naƙuda a amalanken shanu daga wani ƙauye na Kornaka ko Birnin Lalle a nufi asibitin Dakoro, a isa ko kada a isa. Yau waya ɗaya ake bugawa, babur ya zo. Bafillace yana zuwa kasuwa ya koma ruga a yini guda, da buhun hatsi da maganin dabbobi. Wanda ya ce zamanin babur goma a gari ya fi, to yana cikin goman ne.

Abin da nake jin rashinsa dabam ne. Babur na yanzu ba a yi shi don a goge ba. Marfinsa fenti ne, baƙi ko ruwan azurfa, wani wurin ma roba ce. In ya yi datti a kai shi wajen masu wanki, su feshe shi da injin ruwa da omo cikin minti goma. In za a sayar, a sayi gwangwanin fentin feshi a fesa a kan maiƙo da tsaga da komai, ya yi kyau na mako biyu. Yaran gareji na yanzu suna da saurin hannu, sun fi Maigida sanin waya da batir, amma aikinsu cirewa da sakawa ne, domin sabon marfi ya fi ladan yinin da za a ɓata a kan tsohon araha. Ba laifinsu ba ne, lissafi ne, kuma lissafin daidai yake. Sai dai mai babur ya daina sanin babur ɗinsa. Ɗan kabu-kabu yana yini a kan inji, yana ci da iyalinsa daga gare shi, amma bai taɓa ganin cikin marfinsa ba sai ranar da ya tsaya masa a daji.

Tsofaffin baburan kuwa tukunya suka shiga. Ƴan gwangwan suna yawo gida-gida da sikeli da mayen ƙarfe. Abin da mayen ya kama baƙin ƙarfe ne, kuɗinsa kaɗan. Abin da ya ƙi kamawa, in fari ne marar nauyi, dalma ce, a ware ta gefe. Maƙeran tukwane sun fi son fistin da kan inji da marafai a kan gwangwanin lemo, domin dalmar inji an gauraya ta da sinadarin silikon, tana gudu sosai in ta narke, tana cika kowane lungu na zubi. A ma'aunin zafi 660 take narkewa, abin da gawayi da zugazugin kan keke ke iya kaiwa, baƙin ƙarfe kuwa sai an haura 1500. Sana'ar daga Senegal ta taso a shekarun 1940, ta bi ƴan ci-rani ta bazu a Afirka ta Yamma, har ta cika kasuwar Katako a Yamai, ta zauna a Maraɗi da Damagaram da Kano. A danna tsohuwar tukunya cikin damshin yashi a fitar da siffarta, a zuba narkakken ƙarfe, bayan ɗan lokaci a fasa yashin, ga sabuwar tukunya. Daga nan a bi ta da magagari da samfefa. Duk lokacin da na tsaya wajensu na ga yaro yana gugar bakin tukunya, hannun Maigida nake gani.

Akwai abin tsoro a ciki da ya kamata a faɗa. Tarkacen da ake narkawa ba duka ne tsarkakakke ba. Wani bincike da aka yi a Kamaru aka wallafa a 2014 ya gano dalma ta gaskiya, mai gubar nan da ta kashe yara a Zamfara a 2010, tana fita daga irin waɗannan tukwane ta shiga abinci. Maƙerin da ke tsince tarkacensa da kyau, ya raba abin da aka yi wa lici da sauran, yana kare yaran da bai sani ba.

A Turai da Amurka da Japan, babur irin na Kawu kayan tarihi ne. Akwai masu sayensa su kwance shi kusa-kusa, su goge marafansa da injin guga mai faifan ƙyalle, ko su wanke su da feshin ruwa da garin gilashi, su yi ta gardama a kan ko ya kamata marfi ya yi ƙyallin madubi ko a bar shi da dishi-dishin da ya fito da shi daga masana'anta. Wasu ma sun ce kada a taɓa tabo ko ɗaya, tabon shi ne shekarun. A Kano har yanzu kana iya ganin dattijo a kan Vespa da ya riƙe tun yana saurayi, fes da ita. A Dakoro ban san ko ɗaya da ya rage daga baburan zamanin Kawu ba. Talauci ba ya ajiyar kayan tarihi, abin da ke da nauyi a sikeli abinci ne. Da Kawu ya rasu, babur ya shekara biyar a zaure tayoyinsa a sace, sannan magada suka sayar da shi da kilo. Ban ga laifinsu ba, a shekarar hatsi ya yi tsada.

Na tambayi Inna yadda aka yi marfin ya tsira. Ta ce ranar da masu sikelin suka zo, a kwance yake a gefe, tun wani gyara da ba a ƙarasa ba, sai ta sa ƙafa ta tura shi ƙarƙashin rumbu. Ba ta san dalili ba, in ji ta. Daga baya da kaskon kaji ya fashe ta jawo shi.

Washegari na aiki jikanta kasuwa ya sayo samfefa lamba huɗu, yanzu har a Dakoro ana samu. Na zauna a gindin rumbu da gwangwanin ruwa. Kashin kaji da ruwan shekaru sun ci cikinsa, ramukan sun yi zurfin da babu abin da za a yi musu, amma bayansa da sauran rai. Na fara da 240 a tsaye, na koma 400 a kwance. Yaron ya tsuguna yana kallo, can ya ce, "Kawu, me ya sa ba za ka fesa masa fenti ba?" Na miƙa masa samfefar na ce ya gwada. Ya goga kaɗan ya gaji, ya tafi, ya dawo, ya sake karɓa. Kafin azahar haruffan biyar sun fito. Da na iso tabon Sakabal na rage hannu, na bi gefensa kawai. Inna ta tankaɗe mini toka da kanta, ba tare da na roƙa ba, ta kawo da wani tsohon rawani da na gane.

Da la'asar na share shi na miƙa mata. Ta karɓa da hannu biyu, ta karkata shi ga haske, ta daɗe tana kallo, ta sa babban yatsa a kan tabon. Na ce ina so in tafi da shi Yamai.

"A'a, ɗan nan," ta ce. "Ka bar mini shi nan."

Ta shiga ɗaki, na ji tana matsar da kwanonin jerenta.